Yadda mutum biyu za su bi gaɓar teku idan iska ta yi rauni kuma tana gabansu

Kafin ku kwance igiya daga tasha, ku zauna ku biyu da fensir da takarda ku yi ɗan lissafi. Ni da maigidana jirginmu mai yadi ne, wato iska ke tura shi, tsawonsa wajen mita goma, da ɗan injin dizal a cikinsa. Shi ne mai kula da yadi da igiyoyi, ni ce mai taswira da agogo. A ranar da iska ba ta wuce not huɗu ko biyar ba, kuma take busowa daga daidai inda muka nufa, aikina ne ke kai mu, ko da yake ba ya son in faɗi haka a gaban mutane.

Ga lissafin. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, not ɗaya kuwa gudun mil ɗaya ne a awa. Jirgi mai yadi ba ya shiga idon iska kai tsaye. Sai dai ya karkace mata, ya ci zango, ya juya ya karkace ta ɗaya gefen. A littafi ana cewa digiri 45, to amma wannan na ranar da komai ya yi daidai ne. Jirgin da ke ɗauke da ruwan sha da tukwane da kayan gyara, a iska mara ƙarfi, idan aka haɗa da zamewar da yake yi gefe, digiri 50 zuwa 55 yake samu, wani lokaci har 60. A digiri 45 kowane mil ɗaya yana zama 1.4. A 50 ya haura mil ɗaya da rabi. A 60 hanya ta ninka biyu cif.

Mu ce tashar da kuke so tana mil 30, jirgi yana gudun not 3 a digiri 50. Abin da kuke ci na ainihin hanya bai wuce not 1.9 ba, wato kusan awa 16. Idan ruwa yana kwarara baya da not ɗaya, kun koma 0.9, awa talatin da ɗoriya ke nan. Idan kuwa yana kwarara tare da ku, kun samu 2.9, awa goma da 'yan mintoci. Jirgi ɗaya, iska ɗaya, yadi ɗaya. Saboda haka lambar da za ku sa wa ido ita ce gudun da kuke yi zuwa inda kuka nufa, wadda na'urar GPS ke nunawa da haruffan VMG. Lambar gudun jirgi a kan ruwa tana faranta rai, amma tana iya nuna not 3 alhali tsaunin da ke gefenku tun safe bai motsa ba.

Ku fara da agogon ruwa

A mafi yawan gaɓoɓi teku tana cika sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25. Kwararar ruwa a gefen gaɓa tana bin hanya ɗaya kamar awa shida, sannan ta juya. Kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, kuma kwararar ta fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya cika ko bayan ya ɓace. Ba ta kuma tashi da ƙarfinta gaba ɗaya: bayan awa ta farko tana kan kusan rabinsa, bayan ta biyu ta kusa cika, a ta uku ta kai ƙarshe, sannan ta sauko a hankali. Teburin cikar ruwa da taswirar kwarara na yankin za su ba ku ainihin sa'o'in.

Akwai wata riba da mutane ba su cika lura da ita ba. Idan ruwa yana ɗauke da ku zuwa wajen iska, yana ƙara muku iskar kanta. Iska not 4, ruwa not 2, yadi zai ji not 6. Ƙarfin iska a kan yadi kuwa yana tafiya ne da ninkin gudunta a kanta, don haka 6 ta fi 4 ƙarfi fiye da sau biyu. Da ruwa ya juya, 4 ɗin nan ta koma 2, ƙarfinta ya zama kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ku ga jirgi yana tafiya lafiya lau, can sai yadi ya saki jiki, ku ce iska ta mutu. Sau da yawa ruwa ne ya juya.

Mu mukan tashi wajen awa ɗaya kafin ruwa ya juya mana, ko da ƙarfe uku na dare ne. A wannan awar kwararar ta riga ta yi laushi, kuma idan muka raɓi cikin lungun gaɓa mukan tarar ta riga ta juya a can. Wurin da ba a wasa da shi shi ne tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, domin a nan ruwa ke matsewa ya yi gudu. Tsinin Portland Bill a kudancin Ingila ya yi suna a kan haka: kwararar da ke gabansa takan fi gudun ƙaramin jirgi, tana kuma tayar da raƙuman ruwa ko da rana ta yi tsit. Irin wannan wuri ku ɗauke shi a matsayin ƙofa mai lokacin buɗewa. Ku rubuta sa'ar da ya kamata ku isa bakinsa, ku lissafa baya zuwa sa'ar tashi. A Bahar Rum, inda cikar ruwa ba ta taka kara ta karya ba, wannan babin bai dame ku sosai ba, sai na gaba.

Iskar rana da iskar dare

Tudu ya fi teku saurin zafi, ya kuma fi ta saurin hucewa. Da hantsi, idan rana ta buɗe, iskar da ke kan tudu takan yi zafi ta tashi sama, ta teku ta shigo ta maye gurbinta. Alamarta ita ce fararen gizagizai masu tudu-tudu da ke jeruwa a saman gaɓa. Tana ƙaruwa har bayan azahar, ta mutu wajen faɗuwar rana. Da dare abin ya juya, iska mai sanyi ta gangaro daga tudu zuwa teku. Ba ta kai ta rana ƙarfi ba, ba ta kuma nisa, amma ruwan da take busawa a kansa a kwance yake.

Ga mai bin gaɓa, duka biyun daga gefe suke zuwa, kuma suna lanƙwasa iskar da ke gabansa. Da rana tana karkata ta fito daga wajen teku, da dare daga wajen tudu. To, dabarar ita ce ku je ku tarye ta. Da safe ku ɗauki zangon da ke fitar da ku teku mil kaɗan. Idan iska ta karkata, kuka ga goshin jirgi ya fara kauce wa hanya, sai ku juya, ku tarar sabon zangon ya kusa daidaita da gaɓa. Shi zai shigo da ku a hankali, magariba ta same ku kusa da tudu, inda iskar dare za ta fito. Kada ku yi nisa da safen har ku fita daga inda iskar rana ke kaiwa.

Ku tambayi mutanen yankin, domin wasu gaɓoɓin suna da nasu hali. A gaɓar yammacin Fotugal, da bazara, iskar arewa takan yi ƙarfi sosai da yamma. Masu nufin arewa a can sukan tashi tun kafin asuba, su ci hanya cikin sanyin safiya, su shiga tasha kafin ta taso.

Tsakanin waɗannan manyan sauye-sauye akwai ƙanana. Ku rubuta lambar kamfas a kowane zango. Idan ta lalace da digiri goma, wato goshi ya ƙara kauce wa hanya, kuma ta zauna haka na 'yan mintoci, ku juya, domin abin da ya cuce ku a wannan gefen ya taimake ku a wancan. Idan inda kuka nufa bai zauna daidai a idon iska ba, ku fara da zangon da ya fi kusantar da goshi gare shi. Kada ku tafi can gefe guda da nufin ku juya sau ɗaya ku isa. Da zarar kun kai can, duk yadda iska ta sauya asara ce.

Sarrafa yadi

A nan hannu mai nauyi ke ɓata aiki. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya ɗaure komai tamau, ya matsa goshi cikin iska don ya rage hanya. Fiffiken da ke ƙarƙashin jirgi kuwa ba ya riƙe shi sai ruwa yana gudu a jikinsa. Jirgin da aka matse yakan rage gudu ya fara zamewa gefe, goshi yana kallon tasha, jiki yana tafiya wani wuri. Digiri 45 a not 2.5 yana ba ku ƙasa da 1.8. Digiri 52 a not 3.2 yana ba ku kusan 2. Ku sassauta, ku bar shi ya yi gudu tukuna.

Maigida yakan sassauta igiyar da ke ɗaga yadi har 'yan tamoji su fito a gefensa na gaba, ya saki igiyar yadin goshi kamar faɗin tafin hannu, ya bar saman babban yadi ya ɗan buɗe, domin iskar sama ta fi ta ƙasa gudu kuma tana zuwa daga ɗan gefe. A jikin yadin goshi akwai 'yan zaren ulu, ja a gefe ɗaya, kore a ɗaya. Idan na cikin, wato na gefen da iska ke shigowa, ya fara rawa, an matsa da yawa. Idan na wajen ya faɗi ya rataye, yadi ya ɗaure fiye da kima ko an buɗe hanya da yawa. Duka biyun ake so su miƙe baya. Idan iska ta yi ƙasa da not 3, yadi mai zurfin ciki ba ya aiki, iskar ba ta da ƙarfin bin lanƙwasarsa, sai a ɗan shimfiɗa shi. Igiya mai kauri ma tana jan kusurwar yadi ƙasa da nauyinta, don haka mukan sauya ta da siririya.

Ku zauna a gefen da iska ke fita, ku ɗan matsa gaba. Jirgi zai ɗan kwanta, nauyin yadi ya sa shi ya ɗauki siffarsa da kansa. Tafiya a kan bene a yi ta saɗaf-saɗaf. Sitiyari da yatsa biyu, domin kowane juyi birki ne. Juya jirgi kuwa yana cin gudun da aka daɗe ana tarawa, saboda haka ku jira sai yana tafiya, ku juya a hankali, ku bar yadin goshi ya ɗauki iska ta baya na ɗan lokaci ya tura goshin, sannan ku sake shi. Idonku yana kan ruwa: inda ya yi duhu-duhu da ƙananan tamoji akwai iska, inda yake sheƙi babu.

Abubuwa biyu sun fi duk wannan tasiri, kuma tun a tasha ake yin su. A kankare gansakuka da ƙananan katantanwa daga ƙarƙashin jirgi da farfela. A ɗora ɗan kwalekwalen sauka gaɓa a kan bene maimakon a ja shi a baya.

Idan iska ta ɗauke amma raƙuman ruwa suna nan, yadi zai yi ta bugu, fat, fat, sandarsa ta kwance tana kai da komowa. Wannan yana cin ɗinki, yana sassauta ƙusoshi, yana kuma tsaya wa mutum a ƙwaƙwalwa. Ku ɗaure sandar da igiya zuwa gaba don ta tsaya wuri guda, ko ku naɗe yadin goshi ku ja babban tsakiya. Kada ku zauna kuna sauraronsa.

Maganar inji

Wannan ce ke haɗa mata da miji faɗa a teku. A kowane jirgi akwai mai ganin tayar da inji gazawa ce, da mai son a isa kafin duhu. A namu an san waye wane. Da ƙarfe biyun rana, zafi ya yi zafi, kowa ya gaji, ba lokacin yanke wannan hukunci ba ne. Tun ran gini ran zane. Mu ƙa'idarmu tun a tasha muke yin ta: idan abin da muke ci na hanya ya yi ƙasa da not 2 har tsawon rabin awa, ko lissafi ya nuna za mu rasa ƙofar ruwa, ko za mu isa bayan magariba, a tayar da inji. Yakan ce, "Uwargida, ƙara mini rabin awa, ga iska can tana zuwa." Sai in ce, "Maigida, ga agogo." Idan duhun iskar yana kan ruwa da gaske, ina ganinsa da idona, yana samun rabin awarsa. Ku sa taku lambar, not 2 ba wahayi ba ne, amma ku sa ta tare.

Idan kun tayar, ku leƙa salansa ku tabbata ruwan sanyaya inji yana fita. Ku naɗe yadin goshi, ku bar babban a sama, a shimfiɗe, an ja shi tsakiya, ku karkace wa iska da digiri 20 zuwa 30 don ya cika. Yana rage tangaɗi, yana kuma ƙara ɗan gudu. Ku sani cewa a dokokin hana karo a teku na 1972, jirgi mai yadi da ke tafiya da inji ya zama jirgin inji, ya rasa fifikon da yake da shi. Da rana ana rataye baƙar alama mai siffar mazurari a gaba, tsininta yana kallon ƙasa. Da dare a kashe fitilar mai launi uku ta can ƙololuwa, a kunna fitilun gefe da ta baya da farar fitilar inji. Kusa da gaɓa ku yi hattara da alamomin tarkon masunta da ke yawo a kan ruwa, domin igiyarsu idan ta naɗe farfela, ba inji ba iska, kun shiga uku.

Ku auna abin da injinku ke sha a awa, kada ku dogara da takardar kamfani. Namu wajen lita biyu yake sha idan ba a matsa masa ba. Kashi ɗaya cikin uku na tanki ba na tafiya ba ne, na shiga tasha ne da na ko-ta-kwana.

Akwai hanya ta uku da aka fi mantawa: ku jefa anka ku jira. Idan ruwa ya juya muku, iska ba ta nan, zurfi bai yi yawa ba kuma ƙasan yashi ne ko laka, ba ku da abin da ya fi ku tsaya. Ku saki sarƙa aƙalla ninki uku ko huɗu na zurfin da ruwa zai kai idan ya cika, ku rataye baƙar ƙwallo, da dare farar fitila mai haska ko'ina. Ku duba hasashen yanayi, domin buɗaɗɗen lungu na ranar lafiya ne kawai. Awa biyar na barci a kan anka sun fi awa biyar na ƙona mai a wuri ɗaya.

Ku biyu ne kawai

Tafiyar da aka tsara ta awa takwas tana iya zama ta ashirin, don haka ku fara karɓa-karɓa tun da safe. Mu awa uku-uku muke yi. Wanda ba ya kan aiki ya kwanta ko da barci bai zo ba. Ranar tsit tana saukar da kasala, rana tana dukan kai, ana mantawa da shan ruwa. Ku kafa inuwa a wajen tuƙi, gorar ruwa tana kusa da hannu.

Haɗarin irin wannan rana shi ne ba ku da gudun kauce wa kowa. Daga wajen zama, idonku yana mita biyu a saman ruwa, iyakar ruwan da kuke gani wajen mil uku ne. Babban jirgi mai gudun not 20 yana cin mil biyar a minti 15. Ku sa agogo ya yi ƙara kowane minti goma, ku miƙe tsaye ku duba ko'ina, har bayan yadin goshi, inda abu ya fi ɓuya. Na'urar AIS tana nuna manyan jirage, amma ƙananan jiragen masunta da yawa ba sa cikinta. Makullin inji yana jikinsa, rediyo yana kan layi na 16, na kira da neman agaji. Hazo ma abokin rana mara iska ne. Idan ya sauko, mai tafiya da yadi yana busa ƙaho dogo ɗaya da gajeru biyu kowane minti biyu, mai tafiya da inji dogo ɗaya.

Rigar ceto da igiyar ɗaure jiki ba na guguwa kaɗai ba ne. Not 3 mita ɗaya da rabi ne a daƙiƙa, wanda ya faɗa da tufafinsa ba zai kamo jirgi da iyo ba, abokin tafiyarsa kuwa yana ƙasa yana minshari. A jirginmu ba mai zuwa goshi da dare sai ya tashi ɗan'uwansa. Ana kuma tashin mai barci idan an ga fitilar da ba a gane ba, ko zurfi ya ragu ba zato, kuma wanda aka tasa ba ya ƙorafi ko da ba komai ba ne. Na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, a iska mara ƙarfi, takan yi ta neman hanya tana shan batir, don haka ku riƙa duba batir ɗin, ku karɓi sitiyari da hannu idan jirgi ya fara rasa gudu.

Kowace awa ku rubuta inda kuke, da kamfas, da iska, da mil nawa suka rage. Tun a tasha ku yi wa wurare biyu ko uku alama a taswira inda za a iya kwana kafin a kai inda aka nufa, kowanne da zurfinsa da iskar da yake karewa. Da tsakar rana ku duba lissafi ku zaɓi wanda za ku iya kaiwa da haske. Idan duk da haka dare ya same ku a bakin tashar da ba ku taɓa shiga ba, ku koma inda ruwa ke da zurfi, nesa da hanyar manyan jirage, ɗaya ya kwanta ɗaya ya yi gadi, ku shiga bayan gari ya waye.